Tambaya da Amsa: Hasashen Yanayi da Haɗurran Bakin Teku Ga Masu Zuwa Kurmi

Wasiƙun wannan fitowa sun zo ne daga Yamai da jihar Tawa, kuma duk sun taru a kan ƙasashen bakin teku, inda dubban 'yan'uwanmu ke zuwa bida, fatauci, tuƙin manyan motoci ko karatu. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

Daga wani mai fataucin albasa, Galmi: Malam, ina kai albasa Abijan da Akra. A watan Yuni nakan yi lodi a nan ana zafin rana, in isa can in tarar da ruwa dare da rana har kaya su fara ruɓewa. Amma a watan Agusta, lokacin da muke cikin marka a gida, sai in tarar can babu ruwan kirki. Shin daminarsu dabam ce da tamu?

Alhaji, damina ɗaya ce, sai dai tafiya take yi. Iskar da ke ɗauke da laima tana tasowa daga teku ta kudu maso yamma, busasshiyar iskar hamada kuma tana gangarowa daga arewa maso gabas, kuma kudu da inda suke haɗuwa ne hadari ke haɗuwa. Wannan layin haɗuwa yana bin rana: yana hawowa arewa daga watan Maris, ya kai ƙarshen tafiyarsa a watan Agusta, sannan ya juya. Saboda haka ruwan yana ratsa bakin teku sau biyu a shekara, a hanyar zuwa da ta komawa, mu kuwa da muke kusa da ƙarshen zangon sau ɗaya muke ganinsa. Daga Abijan zuwa Legas babbar damina tana kamawa daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, kuma Yuni ne ƙoƙuwarta. Daga nan ruwa ya ɗauke ko ya ragu ƙwarai har wajen farkon Satumba, sannan ƙaramar damina ta biyo baya har Nuwamba. Akwai dalili na biyu da ke ƙara wannan ɗaukewar ruwan na Agusta: a tsakanin Yuli da Satumba ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙarƙashin teku a gaɓar Gana da Kodebuwa, ya sanyaya iskar da ke samansa, iska mai sanyi kuwa ba ta tashi sama ta haɗa hadari. Shi ya sa za ka ga sama a lulluɓe da gajimare yini guda, amma abin da zai sauka bai wuce yayyafi ba.

Kada ka ɗauki wannan lissafi ka shimfiɗa shi a kan kowace gaɓa. Konakiri ta ƙasar Gini, Firitawun ta Saliyo da Duwala ta Kamaru suna shan mafi yawan ruwansu ne a Yuli da Agusta, kamar mu, kuma abin da ke sauka a Konakiri ya haura milimita 3,500 a shekara. A ɗaya ɓangaren, Akra da Lome, ko da yake suna bakin ruwa, ba su cika wuce milimita 800 zuwa 900 ba, alhali Kwatano tana samun kimanin 1,300, Abijan kuma fiye da 1,500. Idan ka tuna cewa Yamai tana samun kimanin 550, Tawa kuma ƙasa da 400 a yawancin shekaru, za ka gane nauyin abin: ruwan da ke sauka a Abijan cikin watan Yuni kaɗai yakan kai ko ya zarce wanda Tawa ke samu a shekara cur.

A ganina, abin da ya fi cin albasarka ba ruwan da ke zuba ba ne, laimar da ke cikin iska ce. A Galmi cikin bazara iska a bushe take ƙwarai, ɓawon albasa yana ƙaras-ƙaras a hannu. A bakin teku kuwa laimar iska takan zauna a kashi 80 cikin 100 ko fiye, kuma da zarar an lulluɓe buhuna da tamfol an ɗaure tam don gudun ruwa, albasar na numfashi a ciki, gumi ya taru a ƙarƙashin tamfol ya riƙa ɗiga a kan buhunan sama, waɗanda ke tsakiyar lodi kuma su ɗau zafi. Duk wanda ya taɓa cusa hannu tsakanin buhuna bayan kwana biyar a hanya ya san ɗumin nan da warin da ke biyo shi. Don haka ka tabbata wuyan albasar ya bushe sarai kafin a zuba ta a buhu, a bar kafar da iska za ta ratsa lodin, a riƙa ɗage tamfol duk inda aka tsaya idan sama ta washe, kuma kafin motar ta tashi ka nemi hasashen garin da za a sauke kaya na ranakun da kake tsammanin isa, domin sararin Galmi na ranar lodi ba shi da labarin da zai ba ka game da Abijan. Cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD, waɗanda dukansu a nan Yamai suke, suna fitar da hasashen damina na ƙasashen gaɓar tekun Gini a farkon kowace shekara tare da hukumomin yanayi na ƙasashen, kuma wannan ya isa ya nuna maka ko ana sa ran ruwan bana zai fi na kullum.

Daga wani direban babbar mota, Yamai: Tun da aka rufe iyakar Gaya muka koma ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwan Lome. Wayata takan ce kashi 60 za a yi ruwa, a yini ko ɗigo babu. Wata rana ta ce kashi 20, ruwa ya kama ni a fili. Anya wannan hasashe ba ƙarya ba ne? Wasu ma suna cewa shiga ilimin gaibu ne.

Malam direba, bari mu fara da maganar ƙarshe, domin ita ta fi sauƙi. Manomi da ya ga gabas ta yi baƙi, iska ta juya, ya ce wa yara su kwashe shanya, ba wanda zai ce ya yi duba. Ma'aikacin yanayi ma alamu yake karantawa, sai dai nasa idon ya haɗa da tauraron ɗan'adam, ma'aunin iska da na laima, da kwamfutar da ke lissafa inda iskar za ta kai. Shi ya sa da kashi yake magana, ba ya yanke hukunci.

Kashi 60 na nufin cewa idan aka tara ranaku 10 masu irin wannan yanayi, a 6 daga cikinsu ruwa zai sauka a wurin, a 4 kuma ba zai sauka ba. Ranar da ba a yi ruwa ba tana cikin lissafin tun farko, haka ma ranar kashi 20 da ta jiƙa ka. Kuma adadin bai ce komai ba game da yawan ruwan. Wannan yana wani layi dabam, wanda ake rubutawa da milimita, kuma shi ne ya fi shafar mai tuƙi. Milimita 1 daidai take da lita 1 a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1. Milimita 5 za ta kwantar da ƙura ne kawai, amma milimita 50 a cikin awa 1 ko 2 ta isa ta mai da titin birni kogi.

Duk da haka akwai gaskiya a cikin ƙorafinka. Yawancin manhajojin waya suna ɗauko lissafinsu ne daga manyan kwamfutocin Turai da Amurka, waɗanda ke raba duniya gida-gida, kowane gida kilomita da dama, alhali hadarin yankinmu yakan haɗu cikin awa guda, ya zubar a unguwa ɗaya ya bar ta kusa da ita a bushe. Ga shi tashoshin auna yanayi a Afirka ta Yamma ba su da yawa, don haka abin da ake ciyar da kwamfutar da shi ma bai wadata ba. Sakamakon haka hasashen zafi da na hazo sun fi na ruwa inganci, kuma hasashen ruwa na gobe da jibi ya fi na mako mai zuwa nesa ba kusa ba. Idan manhaja ta ce maka za a yi ruwa da ƙarfe 4 na yamma nan da kwana 9, kada ka gina tafiyarka a kai.

Shawarata ita ce ka bi sanarwar hukumar yanayi ta ƙasar da kake ciki, wato ANAMET a Togo, Météo-Bénin a Benin, SODEXAM a Kodebuwa, GMet a Gana, NiMet a Nijeriya. Suna fitar da bayani kullum a rediyo, talabijin da shafukansu na Facebook, kuma idan babban hadari ya taso sukan ba da gargaɗin awoyi kaɗan kafin isowarsa, wanda shi ne mafi amfani a cikin duk abin da suke fitarwa. Galibin manyan hadarurrukan nan daga gabas suke tafiya zuwa yamma, don haka idan ka ji an tafka ruwa da iska a Legas ko Kwatano da rana, kai da ke Lome ka duba igiyoyin tamfol ɗinka. Inda ake amfani da launuka wajen gargaɗi, rawaya na nufin a sa ido, ruwan lemo na nufin a rage zirga-zirga, ja kuwa na nufin a tsaya inda ake. Ka kuma riƙe wannan: ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 tana ɗaga ƙaramar mota, kuma nauyin babbar mota ba zai amfane ka ba idan ruwan ya riga ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta.

Daga wata uwa, Tawa: Ɗana yana bida a Abijan. Ya ce ɗakin da suke haya yana gefen tudu, kuma duk damina ina jin labarin gidaje sun rufta a can. Hankalina ba a kwance yake ba. Me zan ce masa?

Hajiya, Allah ya tsare shi, kuma damuwarki tana da tushe. Abijan birni ne na tuddai da kwaruruka da ke gangarawa zuwa tafkin Ebriye, kuma masu ƙaramin ƙarfi, har da baƙi irin 'ya'yanmu, su ne ke zama a jikin gangare da cikin kwari saboda arhar haya. A daren 18 zuwa 19 ga Yuni 2018 ruwan dare ɗaya ya kashe kusan mutum 20 a birnin, kuma unguwanni irin su Attekube sun sha ganin zaftarewar ƙasa. Mafi muni a yankin shi ne na Firitawun, ranar 14 ga Agusta 2017, inda gefen dutse ya zubo wa unguwar Rijent da asuba bayan kwanaki ana ruwa, mutum fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓace.

Abin da ya kamata ɗanki ya fahimta shi ne, ƙasa ba ta cika zaftarewa a ruwan farko ba. Sai ta sha ta ƙoshi, ta yi nauyi, sannan wani ruwan ya zo ya ture ta. Saboda haka daren da ya fi hatsari shi ne wanda aka sanar da ruwa mai yawa bayan an kwana biyu ko uku ana yi. Ƙasar kuma takan ba da alama kafin ta tafi. Ki tambaye shi ko ya ga sabuwar tsaga a bango ko a daɓen ɗaki, ko ƙofar da a da take rufuwa lafiya yanzu tana cijewa, ko wata bishiya ko turken lantarki a saman gangaren ya karkata, ko kuma ruwa mai laka ya fara tsattsafowa daga jikin tudun a inda a da babu. Idan ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya kwana a wajen 'yan'uwa a wata unguwa, ko da a ƙasa zai shimfiɗa tabarma, ya kuma ajiye takardunsa cikin leda a inda hannu zai kai a duhu.

Ki ƙara masa da cewa idan ruwa ya cika titi kada ya shiga da ƙafa don ya ga bai kai gwiwa ba, domin manyan lambatun biranen nan a buɗe suke, ruwa yana rufe bakinsu, ga kuma wayoyin lantarki da ke faɗowa. Ya kuma lura da inda zai fake. A Akra, ranar 3 ga Yuni 2015, jama'a sun fake wa ruwa a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, man da ya malalo ya bi saman ruwan ambaliya ya kama wuta, mutum fiye da 150 suka rasu.

Daga wani ɗalibi, Yamai: Na samu gurbin karatu a Kwatano. Na iya ruwa sosai, tun ina yaro nake iyo a kogin Isa, wato kogin Kwara. Akwai abin da zan ji tsoro a teku?

Ɗana, iya ruwan naka ne ya sa na fi jin tsoro a kanka, domin wanda bai iya ba ba ya wuce idon sawu. Gaɓar Benin, Togo da Kodebuwa tana da gangare, igiyar ruwa tana fashewa daf da yashi da ƙarfi, kuma ruwan da igiyoyin suka tulo bakin gaɓa dole ya nemi hanyar komawa. Yakan tattaru a wata siririyar hanya ya koma cikin teku da gudun da ya fi na gwanin iyo. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne, wannan hanyar ita ce ta fi kama da wurin lafiya: igiya ba ta fashewa a wurin, ruwan ya fi duhu, kamar a kwance yake, sai dai idan ka lura za ka ga kumfa da tarkace suna tafiya ciki maimakon su fito. Ba ya jan mutum ƙarƙashin ruwa, nesa da gaɓa yake kai shi, kuma abin da ke kashewa shi ne gajiyar wanda ya dage sai ya koma ta inda ya fito. Wanda ya faɗa ciki ya bar kokawa da shi, ya yi iyo a gicciye, wato ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga cikinsa, idan ya gaji kuma ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu.

A cikin hasashen kullum na biranen bakin teku akwai sashen da mu mutanen tudu ba mu saba dubawa ba, wanda ke faɗin tsawon igiyar ruwa da lokacin cikar teku da janyewarsa. Teku yana cika sau 2 yana janyewa sau 2 a kusan kowace rana, lokacin kuma yana jinkirta da kimanin minti 50 kullum, cikar tana fin ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 15. Igiyoyi sun fi girma daga Yuni zuwa Satumba, saboda guguwar hunturun kudancin tekun Atilantika ce ke turo su daga dubban kilomita, don haka rana tana iya haskawa, iska a kwance, teku kuwa yana hauka. Idan ka ga masunta sun ja jiragensu sun ɗaure a kan yashi, ka zauna kusa da su ka sha iska.

Wajen neman ɗaki kuma, ka sani Kwatano tana shimfiɗe ne tsakanin teku da tafkin Nokuwe, kuma kogin Weme da ke zuba cikin tafkin yana cika ne a Satumba da Oktoba da ruwan da ya sauka a arewacin ƙasar. Unguwannin bakin tafki suna iya nutsewa ko ba a yi ruwa a garin ba. A ambaliyar 2010 mutum kimanin 680,000 abin ya shafa a faɗin Benin. Ka duba gindin bangon ɗakin, domin ruwan bara yakan bar zanensa ko an yi fenti.

Daga wani malamin makaranta, Tawa: Muna ganin mahaukaciyar guguwar teku tana rusa garuruwa a Amurka da Mozambik. Tana iya faɗa wa Lome ko Kwatano?

Malam, da wuya ƙwarai. Irin wannan guguwa tana bukatar juyawar duniya ta murɗa ta, murɗawar kuwa ba ta da ƙarfi kusa da layin da ya raba duniya biyu, inda gaɓar tekun Gini take. Abin sha'awa shi ne, da yawa daga guguwoyin da ke isa Amurka daga hadarurrukan da suka ratsa samanmu suke farawa, su fita teku ta wajen Senegal, su girma a kan ruwa mai ɗumi suna tafiya yamma. Tsibiran Kabo Berde da ke yamma da Dakar sun gamu da ɗaya a ƙarshen Agusta 2015. Mozambik kuwa tana gaɓar tekun Indiya ne, inda guguwar Idai ta afka wa birnin Beira a Maris 2019, ta kashe fiye da mutum 1,000 a ƙasashe 3.

Daga wani ɗan kasuwa, Yamai: An yi mini tayin fili a gabashin Lome, daf da teku, da kuɗin da ya yi mini arha. Ina so in gina masauki da ma'ajiyar kaya. Me ka gani?

Alhaji, kalmar gabas ɗin nan ita ce ta tsaya mini a rai. A wannan gaɓa igiyar ruwa tana kwasar yashi daga yamma tana kai shi gabas shekara da shekaru, kuma muddin abin da ya tafi ana mayar da gurbinsa, gaɓa tana nan inda take. Madatsar ruwan Akosombo ta ƙasar Gana da aka kammala a 1965 ta tare yashin da kogin Bolta ke kawowa, sannan katangun tashar jiragen ruwan Kwatano ta 1965 da ta Lome ta 1968 suka datse hanyar wanda ya rage. Yashi ya taru a yammacin kowace tasha, gabashinta kuma teku ya shiga cin ƙasa, a wasu wurare fiye da mita 10 a shekara. Tsohuwar hanyar Lome zuwa Aneho tana cikin ruwa yanzu. Wani nazari da Bankin Duniya ya fitar a 2019 a kan Benin, Kodebuwa, Senegal da Togo ya nuna kashi 56 cikin 100 na gaɓarsu yana zaizayewa, a matsakaicin mita 1.8 a shekara.

An jera duwatsu a wurare da dama don riƙe yashi, kuma sun ceci unguwanni, amma jerin dutse yakan tura matsalar ne zuwa gabashinsa, saboda haka filin da ke bayan dutse na ƙarshe ya fi kowane shiga hatsari. Kafin ka ba da ko dala, ka je wurin da kanka a watan Yuli ko Agusta, a ranar tsayuwar wata, lokacin cikar teku, ka ga inda ruwa ke kaiwa. Ka tambayi tsofaffin masuntan wurin inda bakin ruwa yake shekara 20 da suka wuce, ka ɗanɗana ruwan rijiyar maƙwabta ka ji ko gishiri ya shiga, ka kuma nemi hukumar filaye ta tabbatar maka a rubuce cewa filin ba ya cikin yankin bakin teku da gwamnati ta hana gini. Idan ma duk wannan ya yi kyau, ka sa kuɗin fenti da sauya kwanon rufi a cikin lissafinka, domin iskar gishiri tana cin ƙarfe da sauri fiye da yadda ka saba gani a Yamai, kuma ma'ajiyar da za a zuba shinkafa ko siminti a cikinta tana bukatar daɓe mai tudu da tagogin shan iska.